Gautsin ƙarfe: Maƙiyin bututun mai da ido ba ya gani

Idan aka ta da zancen lalacewar bututun da ya taso daga Kaduna ya bi ta Jos zuwa daffon NNPC na Gombe, hankali kan koma ga masu fasa shi, ko kuma ga tsatsa. Sai dai akwai maƙiyi na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato haidirojin.

Ƙwayar zarrarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka takan ratsa jikin ƙarfe ta taru a bakin walda ko inda aka samu ɗan tsagi. Sannu a hankali ƙarfen ya yi gautsi, ya tsage ba tare da ya lanƙwashe ba. Tun a 1875 W. H. Johnson ya bayyana wannan illa a Ingila. A 2013 ma ita ce ta karya manyan kusoshi 32 a sabuwar gadar San Francisco zuwa Oakland a Amurka.

Hanyoyin shigarsa sanannu ne: sandar walda mai danshi, gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin wani ɗanyen man, da wutar lantarkin da ake sakar wa bututu don hana tsatsa, idan ta wuce kima.

A nan shafe yake da muhimmanci. Akan kankare bututu tas, a zafafa shi, a fesa masa garin efoksi, a bi da manne, sannan a lulluɓe shi da roba mai kauri. Wannan kan raba ƙarfe da danshin ƙasa, ya kuma rage wutar da ake buƙata. Rauninsa yana mahaɗar bututu, inda ake shafawa a daji bayan walda.

Batun ya shafi Gombe kai tsaye. Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin man Kolmani a iyakar Gombe da Bauchi, kuma duk ranar da mai ya fara gudana, ta bututu zai bi. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ce ke sa ido kan bututun jigilar mai.

Jami'in da fayil ɗin kwangila ya iso teburinsa ya kamata ya tambaya: wane irin shafe ne, wa ya gwada shi, wa zai duba mahaɗai kafin a binne? Da zarar ƙasa ta rufe bututu, gyara ya zama na tono.