Wa Ke Tsaron Namun Daji? Tarihin Dokar Farauta a Ƙasarmu

Tun kafin zuwan Turawa farauta tana da nata tsari a ƙasar Hausa. Mafarauta suna da shugabansu, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, kuma babbar farauta sai da rani ake fita, bayan an kawar da amfanin gona.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki sai suka mayar da abin rubutacciyar doka. A 1916 aka yi dokar kare namun daji a Najeriya, wadda ta hana kashe wasu dabbobi sai da lasisi. Nan aka samu matsala: mai kuɗi ya sayi lasisi ya harbi abin da yake so, talakan da ya gaji farauta kaka da kakanni kuwa ya zama mai laifi.

To, wa zai kama mai laifin? Turawa ba su da yawan da za su bi kowane daji. Saboda haka suka dogara da En'e. A masarautu irin tamu ta Kazaure, mai unguwa da dagaci su ne idon hukuma, malaman daji suna kula da gandun daji, 'yan doka su yi kamu, alƙali ya yanke hukunci.

A 1956 aka keɓe dajin Yankari don namun daji, a 1963 kuma Jihar Arewa ta yi tata dokar. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka shigar da 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. Sannan a 1985 gwamnatin soja ta yi dokar hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa.

Yau a nan Jigawa muna da Baturiya, can wajen Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Amma doka a takarda ba ta gadin daji. Ɗan sanda yana gari, mu ne muke kusa da dawa. Idan aka cinna wa daji wuta don neman gafiya ko zomo, ciyawar dabbobinmu ce ta ƙone, da ƙananan itatuwa. In ka ga haka a duwatsun Roni, ka sanar da mai unguwa.