Malamar Da Ta Saurari Motsin Ƙasar Nijeriya

Ran 28 ga watan Yuli, 1984, ƙasa ta yi girgiza a Ijebu-Ode da garuruwan da ke kewaye da ita. Kafin wannan rana yawancin mutane, har da masu ilmin zamani, sun ɗauka girgizar ƙasa masifa ce ta Japan da Turkiyya, ba ta da hanyar zuwa nan. Masana huɗu suka bi diddigin al'amarin, suka buga sakamakon bincikensu a 1987. Sunan da ya zo farko a kan takardar na mace ne, watau Farfesa Deborah Enilo Ajakaiye.

An haife ta a 1940 a yankin da ya zama Jihar Filato, ita ce ta biyar cikin 'ya'ya shida. Iyayenta ba su bambanta ɗa da 'ya wajen karatu ko aikin gida ba. Ta sami digirin farko a fannin fiziks a Ibadan a 1962, ta ƙaro ilmi a Birmingham ta Ingila, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta a 1970. A 1980 ta zama farfesa, kuma ita ake lissafawa mace ta farko da ta kai wannan matsayi a fannin fiziks a Afirka.

Aikin da ta zaɓa ba na zaman ofis ba ne. Nauyin duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa ya bambanta, saboda haka ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi yakan ɗan sāke daga wuri zuwa wuri. Mai bincike yakan ɗauki na'ura mai tsananin laushin ji, ya tsaya ya auna, ya rubuta, ya ƙara gaba, haka nan har ɗaruruwan wurare, cikin rana da ƙura. Da waɗannan alkaluma ake gane abin da ke ɓoye ba tare da an haƙa rami ba. Haka ta auna duwatsun Jos masu kuza, da kwarin Binuwai. A zamanin nan ana ganin shiga daji da kayan awo aikin maza ne, mace kuwa ko ta yi karatu, iyakarta koyarwa ko jinya. Ita ba ta tsaya gardama ba. Ta riƙa fita da ɗalibanta, har da mata, kuma daga baya ta bayyana cewa maza masana da yawa sun sāke ra'ayi bayan sun yi aiki tare da su.

Wadda ta riga ta a wannan fage ta fi ta shan wuya. Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, an haife ta a 1888, ta yi makarantar da ake koyar da maza da mata abu ɗaya, sai da ta fita ta tarar duniya ba haka take ba. Daga 1928 ita ce shugabar sashen girgizar ƙasa na ƙasarsu. Babu kwamfuta a lokacin. A kan 'yan katuna take rubuta lokacin da kowace girgiza ta iso kowace tasha, ta jera su cikin kwalayen hatsi. Da ta duba girgizar da aka yi a New Zealand a 1929, sai ta ga wasu igiyoyin motsi sun ɓullo a inda lissafi ya ce ba za su kai ba. A 1936 ta ba da dalili: a tsakiyar narkakken cikin duniya akwai wata ƙwaya dabam, a zurfin kilomita fiye da 5,000, ita ce ke karkato da su. Bincike ya tabbatar da maganarta. Duk da haka, da aka zo naɗa farfesa a Jami'ar Kopanhagan a 1952 aka tsallake ta, ta bar aiki a shekara mai biye. Ta rasu a 1993 tana da shekara 104.

Mutumin Yawuri yana iya tambaya, ina ruwansa da wannan? Ruwansa kuwa da yawa. Masana duwatsu sun san wata tsohuwar tsaga da ta taso daga Anka, ta ratsa ƙasar Yawuri, ta gangara har Iseyin, da wata daga gabas da ta bi ta Zungeru zuwa Ifewara. Zinariyar da ake haƙa a wajen Birnin Yawuri, cikin Ngaski, a jijiyoyin da ke bin irin wannan tsaga take kwance. A 1986 Farfesa Ajakaiye da abokan aikinta sun nuna cewa manyan tsagogin da ke ƙarƙashin Tekun Atlantika suna da layin da ya shigo cikin Nijeriya. Ga kuma tafkin Kainji, wanda tun 1968 ya ɗora wa wannan yanki nauyin ruwa mai tsawon kilomita fiye da 100, ya kuma tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai. An san cewa nauyin babban tafki da ruwan da ke tsatsa cikin tsaga suna iya motsa ta. Haka ya faru a madatsar Koyna ta Indiya a 1967, inda mutane wajen 180 suka halaka. Wannan ba ya nufin Kainji za ta yi haka, amma dalili ne isasshe na kafa na'urori a bakin tafkin da horar da masu karanta su.

Ƙasa dai ba ta daina motsi ba. Ta girgiza a Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba na 2016, ta sake a Mpape ta Abuja a Satumba na 2018, har gwamnati ta dakatar da fasa duwatsu a wurin. Cibiyar da ke kula da tashoshin auna girgiza tana Toro a Jihar Bauchi, ba nisa da duwatsun Jos inda malamar ta fara awonta.