Baƙin Ruwan Wusta: Giya, Alade ko Kifi?

Tun da masu shawarma da masu girkin biki suka fara tsiyaya baƙin ruwan nan na Lea & Perrins a kan nama, surutu ya biyo baya. Wasu sun ce da giya, wasu sun ce da kitsen alade, wasu kuma sun rantse ganye ne zalla. A cikin ukun nan babu wadda ta tsaya daidai.

Maganar alade ba ta da tushe. Abin da ke cikin kwalbar da aka fara sayarwa a garin Wusta na Ingila a 1837 ya haɗa da khal, baƙar zumar rake, sukari, gishiri, albasa, tafarnuwa, kayan ƙamshi, da tsamiya. I, tsamiyar nan dai ta kunu.

Zancen giya daga kalmar spirit ya samo asali, wadda ake gani a gefen khal a jikin takardar kwalbar. Gaskiya ne khal yana ratsawa ta matakin barasa, amma ƙwayoyin bakteriya ne ke juya barasar ta koma tsami, kuma ba a taɓa jin wanda khal ya bugar ba. Abin mamaki, wanda ya fi cancantar wannan tambaya shi ne ruwan waken suya irin na Kikkoman, da ake ɗauka marar laifi: shi kam tsimuwarsa da alkama tana barin ɗan ragowar barasa.

Masu cewa ganye ne zalla su suka fi yin kuskure mai haɗari. Akwai ƙananan kifi a ciki, masu gishiri, da ake tsimawa har su narke. Mai ƙin nama da kifi, ko wanda kifi ke tayar wa da borin jini, ya yi nesa da shi. Henderson's na garin Shafil yana kama da shi a launi da kwalba, shi ne babu kifi.

Ni dai ban ga dalilin neman na Shafil ba. Ki jiƙa tsamiya ki tace, ki daka daddawa kaɗan ta maye gurbin kifin, ki sa mazarƙwaila, kanumfari biyu, tafarnuwa da gishiri, ki dafa har ya yi kauri. Ba zai zama Wusta sak ba, daddawa ba ta iya ɓoye kanta. Amma a kan gasasshen dankali ko wake da shinkafa yana yin aikin, kuma yakan kai mako guda a firji.