Wai Shin Ya Dace Katara Ta So Ɗan Gidan Maƙiyanta?

 Gardamar da na zo mana da ita yau ta wasu mutum biyu ce da ko a labarinsu ba su yi soyayya ba, amma 'yan kallo suka dage sai sun haɗa su. Su ne Zuko da Katara na katun ɗin nan na Amurka, Avatar: The Last Airbender, wanda tashar Nickelodeon ta nuna daga 2005 zuwa 2008, har kashi 61. Har laƙabi aka yi musu, wai "Zutara", alhali kuwa a ƙarshe Ang ne ya samu Katara, shi kuma Zuko yana tare da Mai.

To me ya kawo cacar baki? Zuko ɗan sarkin Ƙasar Wuta ne, ƙasar da ta shekara 100 tana yaƙar duniya, kuma sojanta Yon Ra ne ya kashe mahaifiyar Katara. Shi kansa gogan ya kai hari ƙauyensu, ya taɓa ɗaure ta a jikin bishiya yana yi mata ƙwalele da sarƙar da ta gada wajen uwarta. A birnin Ba Sing Se kuma, bayan ta tausaya masa har tana shirin warkar masa da tabon fuskarsa, sai ya juya mata baya ya bi ƙanwarsa Azula. Shi ya sa wasu ke cewa haɗa su koya wa 'ya mace ne ta ɗauki azzaluminta masoyi.

Masu son haɗin kuwa suka ce haba, ai shi ma an zalunce shi, ubansa Ozai ne ya ƙona masa fuska yana ɗan shekara 13 ya kore shi. Daga baya da ƙafarsa ya bar fada, ya nemi afuwa, ya raka Katara neman Yon Ra, sannan ya tare da ƙirjinsa aradun da Azula ta harbo mata.

Ni dai a nawa ganin, laifin uba ba ya hawa kan ɗa, amma nasa laifin sai ya wanke shi da aiki. Ku lura, ranar da ya dawo Katara ba ta washe masa baki ba, kashedi ta yi masa mai zafi, sai da ta gani a ƙasa sannan ta yafe. In a kan wannan Zukon ake haɗa su, ba ni da ja. Wanda na ƙi shi ne a mayar da ɗaurin bishiyar nan abin sha'awa.

Mu ma marubuta sai mu duba alƙalumanmu, domin kuwa attajirin saurayin nan da ke marin yarinya tun babi na ɗaya, a shafin ƙarshe ya ce yana sonta, ya yi yawa a littattafanmu. Ƙanwata, mari ba sallamar soyayya ba ne, kuma gyaran halin namiji ba aikinki ba ne. Ya fara gyaruwa tukuna, sannan a yi maganar so.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.