Batir na mutuwa alhali mota na ajiye: ka nemo ɓarawon kafin ka sayi sabo

A Didaouré da sauran unguwannin Sokodé, sau da yawa za ka ga samari na tura mota da sassafe. Mai ita ya ajiye ta lafiya lau ranar Juma'a, Litinin ta ƙi tashi. Nan take sai a ɗora wa batir laifi, a sayo sabo, bayan mako guda a koma gidan jiya.

Batir kamar randa yake. Ko dai randar ta tsage, ko ba a cika ta, ko kuma wani na ɗiban ruwan da dare. Ƙaramar mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo, ta isa ta raba gardama.

Fara da batir ɗin bayan ya kwana. Mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6, idan kuma 12.2 ka gani, rabi ya tafi. Tada injin ka sake aunawa. Ya kamata ya kai 13.8 zuwa 14.5, in ba haka ba altaneta ce ba ta caji.

Idan waɗannan sun yi daidai, saura ɓarawo. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Cire wayar da ke kan batir mai alamar (−), ka juya mita zuwa amfiya 10, ka haɗa ta tsakanin wayar da kan batir. Kada ka kuskura ka tada mota a haka, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Jira kamar rabin awa, domin motocin Turai da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome suna da kwamfutoci da ba sa barci nan take. Abin da bai wuce amfiya 0.05 ba, ba matsala. Idan ya wuce sosai, riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare lambar ta faɗi, a layinsa matsalar take.

Yi lissafi: ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana shan kusan amfiya 0.4. Cikin kwana uku ya cinye kusan rabin batir mai 60Ah.

A ganina, mafi yawan laifin na kayan da muka ƙara ne da kanmu: rediyo da aka haɗa kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a soke. Idan ka zare duk fiyus amma lambar ba ta motsa ba, cire wayar altaneta, domin wani lokaci ita ce ke mayar da wuta baya.

Direbobin hanyar Dapaong kuma su riƙa goge saman batir. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin asid tana zurarar da wuta tsakanin kawunan biyu, zafin bazara kuma yana ƙafar da ruwan cikinsa. Ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba.