Kwamfutar Hannu A Ƙasar Waje: In Inji Ya Mutu, Ina Lissafin Kuɗin Mutane?

Yau da wuya ka ga ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Gwanzu sayo kaya bai rataya ƴar jakar kwamfuta a kafaɗa ba. Haka ma ɗiyanmu da ke karatu a Maroko, Aljeriya, Turkiyya ko Faransa: kafin yaro ya hau jirgi, sai uwa ta kwashi adashinta ta saya masa wannan inji mai ninkewa kamar littafi, wanda ƴan lakkol ke ce wa ordinatar. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in wata safiya injin ya ƙi tashi, a garin da ba ka san kowa ba, ba ka kuma jin harshensu, yaya ke nan?

A nan gida abin da sauƙi. Ko a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, kowa na da mai gyaransa, ya san shagonsa, ya san gidansu, in ya ɓata masa aiki ya san wurin wanda zai kai ƙara. A waje duk wannan babu. Ga biza na ƙarewa, ga kuɗin otel na tafiya kullum.

Kada matan kasuwa su ce wannan magana ta ƴan boko ce. Hajiyar da ta ba da sautun atamfa, leshi ko kwanuka, sau da yawa sunanta, yawan kuɗinta da hoton samfurin da take so, duk suna cikin kwamfutar wanda ta aika. A ciki ne kuma ake ajiye takardun masu masana'anta, lambar kwantena, shaidar aika kuɗi, hoton fasfo, da jerin waɗanda ake bi bashi. Inji kuɗi ke sayensa, a Gwanzu ma sai ka zaɓa. Amma lissafin mutum ashirin da suka haɗa maka dukiyarsu, ko kundin kammala karatun da ɗalibi ya yi shekara yana rubutawa, babu kantin da ke sayar da su. Daga nan ne rigima ke tashi tsakanin mutanen da suka daɗe da amana: wannan ya ce jikka ɗari biyar na ba ka, wancan ya ce ɗari huɗu, shaidar kuwa ta mutu a cikin inji.

Ma'ajiyar kwamfuta iri biyu ce. Tsohuwar tana da faifai mai juyawa, galibi sau 5400 a minti ɗaya, da wata ƴar allura mai karantawa. Faɗuwa ɗaya daga bisa gado yayin da take aiki ta isa ta kashe ta. Sabuwar, wadda ake kira SSD, ba ta da abin da ke motsi, ta fi sauri, ta fi jure girgiza, amma ranar da za ta tafi ba ta sallama. Abin da ya fi muni, a wasu injunan na yanzu, kamar MacBook na shekarun nan, ma'ajiyar a like take da allon injin, ba a cire ta a ɗaura wa wani inji kamar da. Ka ƙara da ɓarawon tashar jirgin ƙasa da kofin shayin da ya kife bisa madannai.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: duk abin da ke da muhimmanci ya zama yana wuri uku, ɗaya daga ciki kuma nesa da kai. Na farko cikin injin. Na biyu cikin faifan waje da ake jonawa da waya, ko aƙalla kile mai kyau. Na uku a intanet, ko a hannun wani amintacce a gida. Abin da muka fi ganin mutanenmu na yi shi ne su kwafe komai cikin faifan waje, sannan su zura shi cikin jaka ɗaya da kwamfutar. Wanda ya ɗauke jakar ya ɗauke duka biyun. A raba musu wuri: ɗaya a jakar hannu, ɗaya a akwati ko a masauki. Kile kuma a yi hattara da na araha. Akwai na jabu da ke nuna wa kwamfuta cewa cikinsa babba ne, alhali ɗan ƙarami ne. Sai ranar buƙata a tarar takardun ba su buɗewa. Bayan an kwafe, a buɗe ƴan takardu daga cikinsa a gani da ido.

Ajiyar intanet tana da daɗi. Google na ba kowane mai asusu giga 15 kyauta, amma tare da wasiƙun Gmail da hotuna ake cin wannan wuri. OneDrive na Microsoft giga 5 yake bayarwa. Ga takardun kasuwanci wannan ya isa har da saura, bidiyon biki ne ke cika shi. Sai dai akwai tarko biyu. In an haɗa babban fayil na kwamfuta da na intanet, abin da ka goge nan ya goge can. A Google yakan zauna cikin kwandon shara kwana 30, bayan haka shi ke nan. Tarko na biyu ya shafi masu zuwa ƙasar Sin kai tsaye: an toshe Gmail a can tun ƙarshen 2014, WhatsApp kuma tun 2017, ma'ajiyar Google ita ma ba ta buɗewa da layin intanet na ƙasar. Mutum na iya sauka Gwanzu da tabbacin duk takardunsa na sama, ya tarar ba shi da tsani. Mai zuwa can ya sauke abin da yake buƙata cikin faifai tun yana gida.

Yanzu ga inda muke son a saurara da kyau, domin nan ne ko masu ilimi ke faɗawa. Ajiya ba ta da amfani in makullinta ya ɓace. Ka ari kwamfutar wani a Kazablanka don ka shiga asusunka, sai Google ya ga baƙon inji a baƙuwar ƙasa, ya ce ya aika lambar sirri zuwa salularka. Wace salula? Layin Nijar da ka cire ka bar wa maiɗakinka, ko wanda ba ya kama rezo a inda kake, ko wanda aka rufe don ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba. Maganin yana nan, kyauta: a sashen tsaro na asusun Google ana iya fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. A rubuta su a takarda, a sa tare da fasfo.

Akwai kuma wani makulli da yawancin masu kwamfuta ba su ma san suna da shi ba. Injuna da yawa masu Windows 11 suna zuwa da ma'ajiya a kulle da tsarin BitLocker. Muddin inji lafiya lau yake, ba ka ganin komai. Ranar da mai gyara ya canza allon injin, ko ya cire ma'ajiyar ya jona wa wani inji, sai shuɗin allo ya fito yana neman lamba mai alƙaluma 48. Galibi tana ajiye cikin asusun Microsoft da aka buɗe injin da shi. To, in yaron shagon da ya sayar maka ne ya buɗe da nasa asusun fa? Ba mai gyaran da zai iya fasa wannan kulle, komai gwanintarsa. A nemo lambar tun inji na raye, a rubuta, a bar kwafi ɗaya a gida.

In abin ya faru, kada a yi gaggawar yanke wa inji hukunci. Sau da yawa caja ce ta mutu. Cajar kwamfuta ta asali tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, an rubuta a jikinta, saboda haka wutar Amurka mai 120 ko tamu mai 220 duk ɗaya ne a wurinta. Bakin soket ne ke bambanta: namu ƙafa biyu masu zagaye, na Dubai, Ingila da Nijeriya ƙafa uku masu kusurwa. Ɗan abin haɗi ya raba gardama. Wani abin dariya kuma: madannanmu na Faransanci da AZERTY suke farawa, na masu Ingilishi da QWERTY. A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, alƙaluma ma ba a buga su iri ɗaya. Wanda aka sauya wa madannai a Dubai, ko aka juya masa harshen inji, yana iya rantsuwa kalmar sirrinsa ta lalace, alhali yatsunsa ne ke buga wani abu dabam. Amma in an ji faifai na ƙas-ƙas a ciki, a kashe nan take. Kowane sake kunnawa ƙara ɓarna yake.

Wuraren gyara kam ba su da wuyar samu: Gangding a Gwanzu, Huaqiangbei a Shenzhen, kantunan kwamfuta na Bur Dubai, Derb Ghallef a Kazablanka, titin Montgallet a Faris, Computer Village na Ikeja a Legas. Akwai gwanaye na gaske a cikinsu. Kafin a je, a duba garanti. Sabon injin da aka saya a kanti cikin Tarayyar Turai yana da garantin doka na shekara 2, amma sai da rasit, kuma wurin wanda ya sayar ake komawa. Garantin kamfani kuwa sau da yawa a ƙasar da aka sayi injin kawai yake aiki, kuma in mai gyaran titi ya riga ya buɗe ya taɓa, suna iya cewa ba ruwansu.

A ganinmu babban haɗarin shagon gyara ba sata ba ne, gaggawa ce. Hanya mafi sauƙi ga mai gyara ita ce ya share komai ya zuba sabon Windows, abin da ake ce wa formate. Minti arba'in inji ya tashi garau, cikinsa fayau. Shi a wurinsa ya yi aiki. Don haka tun kafin a miƙa, a rubuta masa da harshensu, ko da fassarar salula ce, cewa ba a yarda a share komai ba, a kuma daidaita farashi a rubuce. A ɗauki hoton lambar injin da ke ƙasansa, da girman ma'ajiya da na ƙwaƙwalwa, don kada a karɓo shi an rage masa kayan ciki. In ma'ajiyar mai ciruwa ce kuma matsalar ta allo ce ko madannai, a ce ya cire ta ya ba ka a hannu. Hotunan iyali da takardun banki ba abin barin wa baƙo ba ne ya kwana da su. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai kuwa, a canza shi kafin ranar komowa, kada a hau jirgi da shi. Na ƙari mai lafiya ma a jakar hannu ake yarda a riƙe shi.

Iyaye masu saya wa yaro na hannu kafin tafiya su tambaya ko injin na ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Cikin kuɗin a ware na faifan waje tun farko, kada a ce sai ya isa can.

Ke kuma mai ba da sautu, ba ki da iko da kwamfutar Alhaji, amma kina da iko da naki ɓangaren. Ranar da kika ƙirga masa kuɗi, ya rubuta a takarda: nawa ne, na wane kaya, wace rana, ya sa hannu gaban shaida. Ki riƙe takardar, ɗanki ya ɗauki hotonta da salula ya aika masa, ya kuma aika wa mutum ɗaya cikin danginki.