Lissafin Wuta Kafin Sayen Sola: Shiri na Musamman Daga Kusugu

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na yau daga birnin Daura yake zuwa muku, daga unguwar Kusugu, inda rijiyar nan mai tarihi take. Kowane ɗan makaranta ya san labarinta: a zamanin Sarauniya Daurama, maciji ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. To ai mutanen wancan zamani sun fi mu sanin inda aka dosa, domin su sun san ranar da za su samu ruwa. Tela ko mai walda a yau bai san sa'ar da za a kawo wuta ba, balle sa'ar da za a ɗauke.

Wutar Daura, kamar ta sauran jihar Katsina da Kano da Jigawa, a hannun kamfanin KEDCO take, ko da yake har gobe Nepa muke cewa. Da can in an ɗauke, sai a ja janareta a ci gaba da aiki. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma aka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwanaki a cikin duhu. Mai ƙanƙara, mai cajin waya, mai aski, mai injin markaɗe, babu wanda bai ji a jikinsa ba.

Shi ya sa yanzu ko'ina ka zauna zancen sola ake yi. Rana kuwa Allah ya hore mana ita a wannan yanki na bakin iyaka. Sai dai wanda duk ya koyi aikin nan da kyau zai gaya maka cewa ba da sayen faranti ake farawa ba. Da lissafi ake farawa.

(KIƊA)

Ɗauki biro da takarda, mai saurare, mu yi shi tare. Kowane kayan lantarki akwai lamba a jikinsa da ke nuna ƙarfin wutar da yake ja, ana kiranta wat. Tsohon ƙwai mai zafin nan yana jan wat 60. Ƙwan zamani, wanda ake kira LED, yana ba da haske kusan daidai da shi da wat 9 kacal. A ce kana da ƙwai goma a shago da ƙofar shago, kana kunna su awa biyar kowane dare. Da tsofaffin, ka sha yunit 3. Da sababbin, ko rabin yunit ba ka kai ba. Hasken ɗaya ne, amma wanda ya canza ƙwai kafin ya kira mai haɗa sola, batirin da zai saya domin hasken dare ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Batir kuwa shi ne abin da ya fi cin kuɗi a harkar.

Haka abin yake a kowace sana'a. Keken ɗinkin lantarki mai tsohon inji yana ta juyawa yana shan wuta ko da tela ya ɗaga ƙafa yana gaisawa da baƙo. Akwai sabon inji da ba ya motsi sai an taka. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, saboda haka a tara guga a yi ta da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke da ƙarfi, kada a bari sai dare a ɗora wa batir. Mai ƙanƙara da ruwan sanyi ya duba robar bakin murfin firizarsa. In ta saki, sanyi na zurarewa, injin ba ya hutawa. Ya kuma janye firizar daga jikin bango, ya raba ta da inda rana ke bugawa. Duk wannan gyaran firiza bai kai kuɗin man mako ɗaya ba.

Sannan a zo ga solar kanta. Faranti a ƙasarmu kudu yake fuskanta, a ɗan karkace, inda inuwar bishiya ko ta gini ba za ta faɗa masa ba. Da hunturu ƙura takan lulluɓe shi, wutar da yake bayarwa ta ragu, maganin kuwa tsumma ne da ruwa, da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Batir mai ruwa ba a shanye shi ƙarƙaf. In ana wuce rabi kullum, ba zai daɗe ba. Kuma ruwan batir ake zuba masa, ba na rijiya ba, ko da na Kusugu ne. Siririyar waya ta araha tana ɗaukar zafi, tana iya tayar da gobara. Mutane da yawa da ke cewa sola yaudara ce, in ka bincika, wanda ya haɗa musu ne bai taɓa tambayarsu me da me za su kunna ba.

(KIƊA)

To wa zai koyar da wannan? Masarautar Daura ba baƙuwar irin wannan horo ba ce. A shekarun baya Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri na rage saran itace a ƙananan hukumomi bakwai na jihar Katsina: Daura, Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua, Mashi da Dutsi. Ƙungiyoyin Oxfam da ICEED ne suka gudanar da shi. Bayan dashen bishiyoyi, an koya wa masu sana'ar hannu ƙera murhu mai tsimin itace, suna yi suna sayarwa. Hikimar da ke ciki ita ce an sa ilimin a hannun wanda zai ci abinci da shi. Kada kuma a manta, makamashin mai ƙosai da mai waina da mai tuwo-tuwo da gidan burodi itace ne da gawayi. Duk horon da ya tsaya kan lantarki kaɗai ya bar mata da yawa a baya.

Akwai kuma darasi na daban a Lambar Rimi, kusa da Katsina, inda aka kafa injinan samar da wuta daga iska mai ƙarfin megawat 10. Tun Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna aka ɗauko maganar. A watan Disamba na 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin, abin ya tsaya, aka kwashe shekaru ana jan ƙafa. Babban aiki yana da ranarsa, amma mai shago ba zai rufe ƙofa ya zauna jiransa ba.

Wuraren da za su iya wannan koyarwa suna nan. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura. Ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, ga wata tsohuwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ga hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, ga hukumar REA mai kai wuta karkara, wadda ta jagoranci sa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A ganinmu inda ake kuskure shi ne salon horon. A tara mutane a ɗakin taro na otal, a yi musu lacca da Turanci, a raba takardar shaida da kuɗin mota, a watse. Mai walda ba zai bar aikin yini ya je nan ba, in ma ya je ba abin da zai ɗauko.

Horon da zai yi amfani shi ne wanda za a yi da Hausa, a cikin shagon mutum, malamin yana riƙe da na'urar auna wuta, a jona firiza a gani da ido abin da take sha. A bi ta hannun ƙungiyoyin teloli da masu walda da masu cajin waya, a sa sarakunan sana'a da masu unguwanni a gaba. Matan da ke sana'a a cikin gida kuma a tura musu mata 'yan'uwansu. Bayan wata uku a dawo a tambayi mutum lita nawa yake saya da, nawa yake saya yanzu.

Kafin hukumomi su motsa, mai saurare, ga aikin da za ka yi a wannan mako. Rubuta duk abin da kake kunnawa a shagonka, da wat ɗinsa, da awa nawa yake yi a kunne. Rubuta kuɗin man da kake saya kullum har kwana bakwai. Ranar da mai haɗa sola ya zo, miƙa masa takardar. In ya ture ta gefe ya fara yanka maka farashi, ka nemi wani.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)